Hanci a Buɗe, Ƙamshi Ya Ɓace: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Korona da Gushewar Ƙamshi da Ɗanɗano

A watan Maris na 2020, lokacin da hankalin kowa ke kan zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi a matsayin alamomin korona, likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a ƙasashe daban-daban suka fara cin karo da wani ƙorafi da ba ya cikin lissafi. Mutane ne, da yawansu matasa masu jini a jika, ke zuwa suna cewa sun wayi gari ba sa jin ƙamshin komai. Ba mura suke yi ba, hancinsu bai toshe ba, iska na shiga tana fita yadda ta saba, amma sabulu da turare da hayaƙin mota duk sun zama ɗaya a wurinsu. Abinci kuwa ya yi musu salam, sai dai su tura don kada yunwa ta kayar da su.

A Jamus, masanin ƙwayoyin cuta Hendrik Streeck na Jami'ar Bon ya bi gidajen masu cutar a gundumar Heinsberg, ya dawo ya ce kusan biyu cikin uku na waɗanda ya zanta da su sun faɗa masa haka. A Ingila, Farfesa Claire Hopkins da Farfesa Nirmal Kumar, shugabannin ƙungiyoyin likitocin hanci na ƙasar a lokacin, suka fitar da takarda a cikin watan suna kira da a ɗauki wannan a matsayin alama, duk wanda ya tsinci kansa a haka ya killace kansa. A daidai waɗannan kwanaki Rudy Gobert, Bafaranshen ɗan wasan ƙwallon kwando da ke wasa a Amurka, wanda kamuwarsa ta sa aka dakatar da gasar NBA, ya sanar cewa kwana huɗu ke nan ba ya jin ƙamshin komai.

Hukumomi ba su yi saurin karɓa ba. Sai a watan Afrilu hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sanya alamar a jerinta, Birtaniya kuwa sai ranar 18 ga Mayu. A ganina wannan jinkiri ya yi ɓarna, domin mutumin da ba ya zazzaɓi ba ya tari, abin da ya rasa kawai ƙamshi ne, ba shi da dalilin zama a gida. Zai tafi kasuwa, ya shiga mota, ya gaisa da tsofaffi, alhali yana ɗauke da cutar.

Da aka zo ƙidaya, abin ya wuce yadda aka zata. Wani bincike da aka yi kan marasa lafiya 417 a asibitoci 12 na Turai, aka buga a Afrilun 2020, ya samu kusan kashi 86 cikin ɗari da matsalar jin ƙamshi, kashi 88 kuma da matsalar ɗanɗano. Masu bincike na King's College da ke Landan, waɗanda suka tattara bayanai daga miliyoyin mutane ta wata manhajar waya, sun ga cewa kusan kashi 65 cikin ɗari na waɗanda gwaji ya tabbatar suna da korona sun rasa ƙamshi ko ɗanɗano, alhali a cikin waɗanda gwajin ya wanke kusan kashi 22 ne kawai. A wancan zango babu wata alama guda da ta kai wannan nuna cewa korona ce, har zazzaɓin kansa. Wani abin dariya ma ya biyo baya: a Amurka an lura cewa duk lokacin da cutar ta yi tashe, ƙorafin masu sayen kyandir mai ƙamshi a shafin Amazon sai ya ƙaru, suna cewa an sayar musu da kyandir marar ƙamshi. Kyandir ɗin lafiyarsa lau.

Inda ake jin ƙamshi

Yawancinmu muna zaton duk cikin hanci ne ke jin ƙamshi. Ba haka ba ne. Aikin na wani ɗan fili ne can a rufin kogon hanci, sama sosai, kusan daidai tsakanin idanu. A wannan ɗan fili akwai miliyoyin jijiyoyi ƙanana, kowace ta miƙo wasu siraran gashi cikin majinar da ta lulluɓe wurin. Idan kika jefa daddawa a tukunya, burbushin da ido ba ya gani sai ya tashi cikin iska, ya shiga hanci, ya narke a wannan majina, ya manne a jikin gashin. Jijiyar sai ta aika saƙo ta wasu ƙananan ramuka da ke jikin wani siririn ƙashi, kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa.

Ɗan Adam yana da nau'in masu karɓar ƙamshi kusan 400, kuma kowace jijiya nau'i ɗaya take ɗauke da shi. Linda Buck da Richard Axel ne suka gano wannan tsari a 1991, aka ba su kyautar Nobel a kansa a 2004. Babu wata jijiya guda ta daddawa ko ta turaren wuta. Kowane ƙamshi yana tayar da gungun jijiyoyi a lokaci ɗaya, wasu da ƙarfi, wasu kaɗan, ƙwaƙwalwa kuma ta gane shi daga yadda gungun ya haɗu. Ku riƙe wannan, domin shi ne zai bayyana wani abu mai ban tsoro da ke samun wasu bayan sun fara warkewa.

Shi kuwa harshe aikinsa bai kai yadda muke ba shi ba. Abu biyar yake ganewa: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da wannan daɗin da ake ji a romon nama da daddawa da dunƙulen magi, wanda Bajafane Kikunae Ikeda ya bayyana a 1908. Zafin barkono da sanyin minti da baurin goro kuwa wata jijiya ce daban ke kai saƙonsu, ita ce ke kula da jin taɓi da zafi a fuska da baki. Duk sauran abin da ke bambanta miyar kuka da miyar kuɓewa, ko mangwaro da gwanda, ƙamshi ne. Yayin da kake tauna, tururin abincin yana hawa ta bayan ganɗa, daga maƙogwaro zuwa wancan ɗan fili na rufin hanci.

Kowa zai iya gwada wannan a gida. Ka toshe hancinka da yatsu biyu, ka rufe ido, wani ya sa maka alawa a baki ba tare da ya faɗa maka ko ta lemo ce ko ta abarba ba. Za ka ji zaƙi, wataƙila da ɗan tsami, amma ba za ka iya cewa wacce ce ba. Ka saki hancin kana ci gaba da tsotsa. Nan take sunanta zai faɗo maka. Shi ya sa yawancin masu cewa sun daina jin ɗanɗano, in aka auna, hancinsu ne ya tafi hutu. Sai dai korona ta zo da nata. Wata gamayyar masana daga ƙasashe da dama ta tambayi mutane sama da 4,000 a 2020, ta samu cewa a wasu har zaƙi da gishiri da zafin barkono sun ragu. Wani ƙaramin gwaji da Farfesa Carl Philpott na Jami'ar East Anglia ya shiga ciki, wanda ya kwatanta masu korona goma da masu mura goma, ya nuna masu koronar sun fi kasa gane ɗaci da zaƙi.

Abin da ƙwayar cutar ke yi a can sama

Da farko an tsorata. An yi zaton ƙwayar cutar tana shiga jijiyoyin ƙamshi ne ta kashe su, ta bi ta cikinsu ta haura ƙwaƙwalwa. A watan Yulin 2020 wata tawaga a Jami'ar Harvard ƙarƙashin Sandeep Robert Datta ta buga sakamakon da ya kwantar da hankali. Ƙwayar korona ba ta shiga ƙwayar halittar jiki sai ta wata ƙofa da ake kira ACE2. Da suka duba, jijiyoyin ƙamshi ba su da wannan ƙofa. Waɗanda ke da ita su ne wasu ƙwayoyin halitta da ke kewaye da jijiyoyin, masu tallafa musu: su ke riƙe su a tsaye, su ciyar da su, su daidaita gishirin majinar da gashin ke ciki, su kuma share abin da aka riga aka sansana don a samu wurin sabo.

Kamar maƙera ce. Maƙeri lafiyarsa lau, guduma na hannunsa, amma ɗan zuga ya kwanta ciwo, wuta ta mutu, aiki ya tsaya. Idan masu tallafin nan suka kamu, sai su lalace su zube, wurin ya kumbura, siraran gashin jijiyoyin su kakkaɓe. An ga haka ƙarara a gwajin da aka yi kan wasu dabbobi dangin ɓera a Faransa, inda cikin kwana biyu kacal fatar wurin ta ɗaye. Wannan ne dalilin da abin ke zuwa farat ɗaya, kuma shi ne dalilin da yawanci yake tafiya cikin makonni, domin masu tallafin suna saurin sake tsirowa.

Masu bincike a Jami'ar Columbia da Jami'ar New York sun ƙara wani bayani a 2022: ko da ƙwayar cutar ba ta shiga jijiyar ba, kumburin da ke kewaye da ita yana hargitsa tsarin cikinta, ta rage ƙera masu karɓar ƙamshin. Su kuwa waɗanda abin ya ƙi sakinsu watanni da yawa, tawagar Bradley Goldstein ta Jami'ar Duke ta ɗebo ɗan nama daga rufin hancin wasunsu ta duba, ta buga sakamakon a ƙarshen 2022. Ba ta samu ƙwayar cutar ba, ta riga ta tafi. Abin da ta samu sojojin garkuwar jiki ne da suka yi sansani a wurin suna ci gaba da faɗa bayan abokin gaba ya watse, adadin jijiyoyin kuma ya ragu. Ya ragu, amma bai ƙare ba. Jijiyoyin ƙamshi na cikin 'yan ƙalilan a jikin mutum da ke sabunta kansu har tsufa, domin a ƙarƙashinsu akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu ke nan, haifar sababbi.

Mura ce, maleriya ce, ko korona?

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. An tabbatar da korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020 a Legas, a Nijar kuma a watan Maris. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta sanya gushewar ƙamshi da ɗanɗano cikin alamomin da take faɗakarwa a kai. Amma gwaji bai wadata ba, kuma mu a wurinmu duk zazzaɓin da ya zo da kasala da ciwon gaɓoɓi sunansa maleriya ko taifot. Mutane da yawa sun sha maganin maleriya zagaye biyu, suna cewa bakinsu ne ya mutu, suka warke ba tare da sun san abin da ya kama su ba.

Akwai bambanci, kuma ba shi da wuyar ganewa. Mai maleriya bakinsa ɗaci yake yi, abinci ya fita ransa, amma in aka soya albasa a tsakar gida zai ji, sau da yawa ma ƙamshin ne zai tayar masa da zuciya. Wasu magunguna, irin su Flagyl, su ma suna bar wa mutum ɗaci ko ɗanɗanon ƙarfe a baki ba tare da sun taɓa hanci ba. Mai murar hunturu hancinsa a toshe yake, iska ba ta kai wa rufin hancin, da ya fyace majina ko hancin ya buɗe na ɗan lokaci sai ƙamshi ya leƙo. Na korona kuwa, yadda aka san shi a 2020 da 2021, hanci a buɗe yake, abin ya zo dare ɗaya, kuma sau da yawa gaba ɗaya yake ɗaukewa, har mutum ya kai kwalbar turare bakin hanci ya ji kamar ruwa.

Wannan ba ya maye gurbin gwaji, kuma ba ya hana a duba maleriya, domin mutum na iya ɗaukar biyun tare. Haka nan alamar ta yi rauni yanzu. Tun da nau'in Omikron ya ɓulla, wanda Afirka ta Kudu ta fara ba da rahotonsa a Nuwamban 2021, abin ya ragu ƙwarai. Masu binciken nan na Landan sun samu kusan kashi 53 cikin ɗari a zamanin nau'in Delta, kusan kashi 17 a zamanin Omikron. Saboda haka jin ƙamshi lafiya lau ba shaida ba ce cewa mutum ba shi da korona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan cutar ranar 5 ga Mayu, 2023, amma cutar na nan tana yawo, kuma waɗanda ta ɗauke wa ƙamshi tun zangon farko wasunsu har yau suna fama.

Yaushe yake dawowa

Mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari a Yulin 2022 da ya haɗa sakamakon bincike 18. Kusan kashi 74 cikin ɗari sun ce ƙamshi ya dawo musu cikin kwana 30, kusan kashi 96 cikin wata shida. Ɗanɗano ya ɗan fi saurin dawowa. Amma kusan mutum biyar cikin ɗari abin ya zauna musu, kuma mata sun fi maza shiga wannan rukuni. Biyar cikin ɗari kamar ba yawa, sai an tuna yawan waɗanda suka kamu a duniya. Masu nazarin sun ƙiyasta mutum miliyan 15 ke nan a lokacin. Wasu likitoci a Jami'ar Trieste ta Italiya da suka bi marasa lafiyarsu shekara uku sun ga cewa warkewa ba ta tsaya a shekarar farko ba, ana ci gaba da samun sauƙi a ta biyu da ta uku.

Lokacin da albasa ta koma wari

Ga abin da na ce ku riƙe. Mace ta yi korona, ƙamshi ya tafi, bayan makonni ya fara dawowa, ta yi hamdala. Wata biyu ko uku bayan nan ta ɗora manja a wuta ta zuba albasa, sai wani wari ya bugi hancinta, kamar mushe, ko kwata, ko robar da ake ƙonawa. Ta duba albasar, lafiya lau. Ta canza man, haka. Nama ya zama abin gudu, ƙwai ƙarni ba iyaka, man goge baki kamar fetur, gahawa kamar toka. Wata har warin jikin mijinta ko na jaririnta ke juye mata. A gida kuma sai a fara zolaya ana cewa ko dai ciki ne, in abin ya daɗe a ce tsirfa ce, wani ma ya ce a nemo mai ruƙiyya.

Likitoci na kiran wannan parosmiya, kuma bayaninsa yana cikin wancan gungu na jijiyoyi. Sababbin jijiyoyi suna tsirowa, amma ba tare suke isa ba, wasu nau'o'in sun riga wasu. Ƙamshin soyayyar albasa haɗin sinadarai ne masu yawa, wasu daga cikinsu in aka ware su su kaɗai wari ne da su, sauran ne ke rufe su. Idan jijiyoyin da ke jin masu warin suka dawo aiki, na sauran ba su iso ba, ƙwaƙwalwa rabin saƙo take samu, kuma a rashin tabbas sai ta fassara shi da haɗari. Jane Parker ta Jami'ar Reading da abokan aikinta sun rarraba ƙamshin gahawa sinadari-sinadari suka ba masu wannan matsala suna sansanawa, suka gano 'yan ƙalilan ne ke tayar da ƙyamar, mafi yawansu masu ƙarfin gaske, irin waɗanda gashi da suya ke haifarwa. Wannan ya bayyana dalilin da tsire da soyayyen nama da gasasshiyar gyaɗa suka fi dafaffiyar shinkafa tayar da hankali. Wani abin mamaki, wasu masu matsalar sun ce warin bayan gida ya daina damunsu, abinci ne ya karɓi matsayinsa.

Akwai kuma masu jin warin abin da babu shi, galibi ƙaurin hayaƙi ko na taba, su tashi cikin dare suna neman inda wuta ta kama. Duk da wahalarsa, likitocin hanci da dama na ɗaukar jirkicewar ƙamshi a matsayin alamar cewa jijiyoyi na farfaɗowa. Yakan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, yana raguwa a hankali.

Kafin nan dole a ci abinci. Abin da ya huce ya fi mai tururi sauƙin ci, dafaffe ya fi soyayye ko gasasshe. Farar shinkafa, dankali, kindirmo, kunu, ayaba, kankana, waɗannan kan wuce lafiya a wurin mutane da yawa, ko da yake kowa da nasa. In girki ne ke tayar da zuciya, wani ya karɓi soya albasar, a buɗe taga. Wasu toshe hanci suke yi su samu su haɗiye abin da zai riƙe su.

Haɗarin da ba a lissafawa

Mutane na raina wannan lalura, suna cewa ai ba makanta ba ce. Amma hanci mai gadi ne. Iskar gas ta girki ba ta da wari a asalinta, da gangan ake zuba mata wani sinadari mai ɗoyi don a gane in tana zuba. Wanda ba ya jin wari ya rasa wannan kariya. Ya kamata ya saba da rufe tukunyar gas daga kanta duk lokacin da ya gama, ya riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo yana duba ko zai yi kumfa, kada kuma ya bar tukunya a wuta ya shiga ɗaki da nufin ƙauri zai kira shi. Wayar lantarki da ta fara narkewa ma wari take fara yi kafin ta kama. Hayaƙin janareto kuwa, iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari ga kowa, mai lafiyar hanci da marar ita, don haka wurinsa waje.

Sai abincin da ya kwana. A zafinmu, ga wuta ba tabbas, miyar jiya da kifi da nono hanci ne ke yanke musu hukunci. Wanda nasa ba ya aiki ya ba wani ya sansana, in babu kowa kuma yana shakka ya zubar. Haka ruwan alwala da aka samu a randa ko tanki, tun da canjin ƙamshi na cikin abubuwa ukun da malamai suka ce a duba tare da launi da ɗanɗano, tambayar na kusa ta wadatar.

Wani haɗarin a hankali yake shigowa. Abinci ya yi lami, sai mutum ya riƙa ƙara gishiri da magi da sukari don ya ji wani abu, alhali wataƙila yana da hawan jini ko ciwon sukari. Gara a nemi daɗin ta wata hanya: matsa lemon tsami, ɗan yaji, citta, haɗa mai laushi da mai ƙaras-ƙaras a kwano ɗaya. Tsofaffi kuwa sukan daina ci ne kawai su rame, a sa musu ido. Ga kuma damuwa. Jijiyoyin ƙamshi suna da hanya ta kusa zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu riƙe tunani da shauƙi, shi ya sa ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko ke iya mayar da mutum ƙauyensu nan take. Wanda ya rasa wannan yakan ji kamar an raba shi da duniya, kuma bincike ya sha nuna yawan baƙin ciki mai tsanani a tsakaninsu. Mai haɗa humra da turaren wuta, da mai tuwo-tuwo, da mai shayi, su kuma abincinsu ne gaba ɗaya ya shiga garari.

Abin da ke taimako, da abin da ke ƙara ɓarna

Abin da ya fi samun goyon bayan likitoci ba ƙwaya ba ce, horon hanci ne. Farfesa Thomas Hummel na Dresden a Jamus ne ya fito da tsarin a 2009, tun kafin korona, da ƙamshi huɗu: furen wardi, lemon tsami, kanumfari, da man itacen turare, wato wanda ake ji a man zafi. Ana samun ƙananan kwalabe huɗu masu murfi, a sa kowane a tasa, ko dai mansa a ɗiga a auduga ko shi kansa abin, kamar dakakken kanumfari ko ɓawon lemo da aka kankare. Safe da yamma mutum ya zauna inda babu hayaniya, ya buɗe ɗaya, ya kawo kusa da hanci, ya riƙa shaƙa a hankali, gajeru-gajeru, kamar daƙiƙa ashirin. Ba zuƙa mai ƙarfi ba, wadda ke wuce da iskar zuwa huhu. Yana yi yana ƙoƙarin tuno yadda abin yake a da, kanumfari a kunun zaƙi, lemo a hannu ranar kasuwa. Ya rufe, ya ɗan huta, ya ɗauki na gaba. Ba dole sai waɗannan huɗun ba, citta da na'ana'a da kimba da turaren da mutum ya saba da shi duk za su yi, kuma bayan wata uku yana da kyau a canza wasu.

Makonnin farko ba za a ji komai ba, a nan ne yawanci ke watsarwa. Ana son a yi aƙalla wata uku zuwa huɗu ba fashi. Gaskiya ba kowa yake warkarwa ba, kuma taimakonsa matsakaici ne, amma ba ya cin kuɗi, ba ya cutarwa.

Abin da ke cutarwa shi ne cusa abubuwa a hanci. Tafarnuwa tana ƙona fatar ciki. Shaƙar fetur ko ruwan wanke bayi ko garin taba don a "tayar" da hancin ƙara kashe wurin yake yi, kuma raɗaɗin da ake ji ba ƙamshi ba ne, waccan jijiyar ta jin zafi ce ke kuka. Ko abin da aka sayo a kantin magani ba lallai ya zama lafiya ba: a 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a su daina amfani da wani maganin mura na shafawa a hanci mai sinadarin zinki, bayan rahotanni sama da 130 na mutanen da ya ɗauke wa ƙamshi. Sirace da tafasasshen ruwa na iya sassauta toshewa, amma ba ya gyara jijiya, yara da dama kuma sun ƙone ta dalilinsa. Ƙona lemo a cakuɗa da sukari a sha, wanda ya yi tashe a TikTok, babu wata shaida a kansa.

Sai maganar deksametason da firedinisolon, waɗanda ake saya a kemis kamar alawa. Gaskiya ne wani babban gwaji na Jami'ar Oxford ya nuna a Yunin 2020 cewa deksametason na ceton ran masu korona da ke kan iskar oksijin. Wannan daban, dawo da ƙamshi daban. A 2021 wani rukunin ƙwararrun likitocin hanci ya ba da shawarar kada a riƙa ba da irin waɗannan ƙwayoyi don wannan matsala, domin amfaninsu bai tabbata ba, illarsu kuwa sananniya ce: suna ɗaga sukari da hawan jini, su raunana garkuwar jiki. In akwai kumburi ko tsiro a cikin hancin, likita na iya rubuta na fesawa bayan ya duba.

Ba kowace gushewar ƙamshi ce korona ba, kuma wasu ba sa jira. A je asibiti in hanci ɗaya ne kawai ya toshe ko ya daina ji, musamman in da haɓo, ko ciwon kai mai tsanani, ko canjin gani. A je in abin ya biyo bayan buguwa a ka, kamar faɗuwa daga babur, domin siraran jijiyoyin nan kan tsinke a inda suke ratsa ƙashi. Dattijon da ƙamshi ke gushe masa sannu a hankali, ga rawar hannu ko yawan mantuwa, shi ma a kai shi, saboda cutar Parkinson da ta Alzheimer kan fara da haka shekaru kafin sauran alamomi. Wanda nasa ya biyo bayan zazzaɓi ko mura kuma ya wuce wata guda bai motsa ba, ko yana ramewa, ya nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro, akwai shi a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin tarayya, akwai kuma cibiyar ƙasa ta wannan fanni a Kaduna. Ya tafi da bayanin lokacin da abin ya fara, ko farat ɗaya ne ko a hankali, ko yana jin zaƙi da gishiri a harshe, da sunayen duk magungunan da ya sha ko ya ɗiga a hancin.